Kwandon farko na watan Yuni: mako biyu a wata gonar lambu a Massachusetts

Daga Boston zuwa yankin Berkshire, can ƙuryar yammacin jihar Massachusetts ta Amurka, tafiyar awa biyu da rabi ce a mota. Ana bin babban titin I-90 har garin Lee, sannan a karkata kudu ta Stockbridge da Great Barrington, kogin Housatonic na gefen hanya. Na isa gonar da na nufa a makon ƙarshe na watan Mayu, da la'asar sakaliya, na tarar da mutum huɗu suna jan wani dogon farin yadi suna lulluɓe fangalai, ɗaya na bin su da buhunan yashi yana danne bakin yadin. Sama garau take, ba gajimare, iska ko ganye ba ta kaɗawa. Ga baƙo yamma ce mai daɗi. Ga manomin wannan yanki kuwa alama ce ta cewa raɓa na iya daskarewa kafin asuba, don haka gaisuwa ma a tsaitsaye aka yi ta, aka miƙo mini gefen yadi.

Gonar ƙarama ce, kayan lambu kawai take nomawa, kuma tana cikin irin gonakin da ake kira CSA, wato noman da jama'a ke ɗaukar nauyinsa tun kafin a shuka. Iyalai ne ke biyan kuɗin kayan lambun shekara tun cikin hunturu, lokacin da ƙanƙara ta rufe ƙasa. Da kuɗin manomi ke sayen iri, da taki, da gas na ɗumama ɗakin renon tsiro, ya biya ma'aikata. Su kuma daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Oktoba, mako 20 ko ɗan fiye, kowane mako suna zuwa su ɗauki kasonsu daga abin da gona ta bayar. In ta yi albarka kwando ya cika. In ta yi gardama, asarar ta kowa ce.

Wannan yanki na da tarihi a harkar. A ƙauyen South Egremont, ba nisa daga nan, gonar Indian Line take, inda Robyn Van En da Jan Vander Tuin da abokansu suka fara sayar da kaso na tuffa a 1985, suka shiga kayan lambu a 1986. Vander Tuin ya ga tsarin ne a Suwizalan. A shekarar 1986 ɗin kuma aka buɗe gonar Temple-Wilton a jihar New Hampshire, tare da Trauger Groh wanda ya zo daga Jamus. Japan na da nata tun kafin nan, wanda suke kira teikei, Faransa kuma ta fara nata, AMAP, a 2001.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a mako biyun da na yi shi ne wahalar cika kwandon farko. A watan Agusta ko makaho ya shiga gonar nan zai fito da kaya, tumatir da kabewa da wake sun yi yawa har ana neman mai ɗauka. Amma a makon farko da na biyu na Yuni ƙasa ba ta daɗe da farfaɗowa daga sanyi ba, mutanen da suka biya tun Janairu sun ƙosa, kuma duk abin da za a sa musu a kwando an yanke shawararsa ne wata biyu ko uku da suka wuce. Ranar da aka yi sakaci a Afrilu, a Yuni take fitowa fili.

Mai gonar, mace ce mai kimanin shekara hamsin, ta nuna mini takardar lissafinta, kuma daga baya ake karanta ta zuwa gaba. Ana fara rubuta ranar rabo, sai a ja baya. Latas na yin mako huɗu a farantin reno, ya yi mako huɗu zuwa biyar a fangali, don haka latas ɗin da za a yanka ranar 10 ga Yuni dole ƙwayarsa ta shiga ƙasa wajajen mako na biyu na Afrilu. Iyalai 60 take ciyarwa. In kowa zai samu kan latas ɗaya a mako, ba 60 take dasawa ba, wajen 80 take dasawa, saboda wasu za su ruɓe, wasu dabba za ta ci, wasu su ƙi girma. Kuma ba sau ɗaya ake shukawa ba, kowane kwana goma sai an cika sabon faranti, in ba haka ba latas ɗin duk zai nuna a mako guda, mako na gaba a rasa. Fangalinta tsawon mita 30 ne, faɗin santimita 76, layi uku, tazarar santimita 30 tsakanin tushe da tushe, wato tushe 300 ke nan a fangali ɗaya.

Ɗakin renon rumfa ce ta ƙarfe mai lanƙwasa, an rufe ta da leda ninki biyu. A nan shekara ke farawa, ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, da albasa. Sai kabeji da danginsa, sai tattasai, sai tumatir mako shida zuwa takwas kafin ranar dasa shi. Farantan roba ne masu ramuka, mai rami 128 na latas da kabeji, mai rami 50 ko 72 na abin da zai daɗe a ciki. Tattasai ba ya tsirowa da kyau sai ƙasar farantin ta kai digiri 27 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, don haka ana ɗora shi a kan wata tabarmar lantarki mai ɗumi. Latas kuma akasin haka ne, in zafi ya haura wajen digiri 28 ƙwayar sai ta yi barci ta ƙi fitowa.

Abu biyu ke kashe tsiro a ɗakin nan. Na farko yawan ruwa a ranar sanyi. Ƙasa ta jiƙe, ba rana, ba iska, sai wata cuta ta naman gwari ta kama tsiron daidai inda kara ya haɗu da ƙasa, wurin ya sirance kamar zare, da safe a tarar da layi guda a kwance. Maganinta ban ruwa da safe kawai, barin saman ƙasa ya sha iska kafin a sake, da fanka mai juya iska dare da rana. Na biyu zafi. Safiya ɗaya ta rana da aka manta ba a buɗe ƙofa ba, cikin rumfar zai wuce digiri 40 kafin azahar ko da waje ana sanye da rigar sanyi. Kafin a kai dashe gona kuma sai an horar da shi kwana bakwai zuwa goma: a fito da farantai waje, a rage musu ruwa, su saba da iska da rana kai tsaye. Na ga layin kabejin da aka yi wa gaggawa ba a horar ba, ganyen ya yi fari fat kamar an zuba masa ruwan zafi, ya tsaya cik kusan mako biyu kafin ya sake toho.

Ƙasa ma ba a shigarta don kalanda ta ce lokaci ya yi. Bayan narkewar ƙanƙara tana riƙe ruwa, kuma wanda ya sa tarakta a jiƙaƙƙiyar ƙasa zai mayar da ita hoge mai tauri da zai yi fama da shi har ƙarshen shekara. Gwajin da suke yi mai sauƙi ne. A ɗebo ƙasa cikin tafin hannu daga zurfin taƙi ɗaya, a dunƙule, a taɓa da yatsa. In ta wargaje, a shiga. In ta tsaya curi, a jira. Yawancin filin ya kwana hunturu ne a ƙarƙashin wata alkama mai jure sanyi haɗe da wani dangin wake, waɗanda ake shukawa don su riƙe ƙasa su ƙara mata ƙarfi. Ana kifar da su mako biyu zuwa uku kafin dashe. In aka yi dashe a kan ɗanyen karansu, ƙananan halittun cikin ƙasa da ke ruɓar da karan su za su janye sinadarin naitirojin, dashen ya yi rawaya. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa, dokar noma ba sinadari ta Amurka ta ce sai an bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin duk abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Shi ya sa fangalan farkon shekara takin da ya riga ya ruɓe sarai kawai ake sa musu.

Daren da na iso raɓar ta daskare, amma a gangaren gonar kawai. Iska mai sanyi nauyi gare ta, tana gangarowa ta taru a kwari kamar ruwa, shi ya sa fangalan da ake fara dasawa suna can sama inda rana ke fara bugawa. Da asuba na ga ciyawar kwarin ta yi fari, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalmi, alhali taku ɗari sama raɓa ce kawai mai ruwa. Yadin da muka ja digiri ɗaya zuwa biyu kawai yake ƙarawa, amma sau da yawa iyakar abin da ake buƙata ke nan. Abin da aka fi ji wa tsoro furen sitiroberi ne, wanda ke mutuwa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili da digiri ɗaya. Mai gonar ta ɗaga yadin tana duba furannin ɗaya bayan ɗaya. Mai rai tsakiyarsa rawaya ce, wanda sanyi ya kashe tsakiyarsa baƙa ce. A bakin layi, inda iska ta ɗan ɗaga yadin, ta samu baƙaƙe kaɗan. Manoman yankin ba su manta da daren 18 ga Mayun 2023 ba, lokacin da sanyi ya lalata furen tuffa da sauran 'ya'yan itace a jihohi da dama na arewa maso gabas. Don haka tumatir da tattasai da kokwamba ba sa fita fili sai wajen hutun tunawa da sojoji, Litinin ta ƙarshe a Mayu, kuma sai an ga dare ya daina sauka ƙasa da digiri 10.

Yadin nan aikinsa bai tsaya ga sanyi ba, shi ne katangar ƙwari. Akwai wani ɗan baƙin ƙwaro kamar ƙwayar riɗi mai tsalle irin na ƙuma, yana kwana hunturu a busasshen ganye a bakin gona, rana na fara ɗumi sai ya faɗa wa duk dangin kabeji. Ganye sai ya koma kamar rariya. Dole a rufe fangali ranar da aka shuka, ba washegari ba, a danne baki ko'ina, don ƙofa kamar tafin hannu ta ishe su. Akwai kuma wani ƙuda da ke yin ƙwai a gindin kabeji da radish (wani ɗan tushe mai ɗan yaji da ake ci ɗanye) a watan Mayu, tsutsarsa ta ci saiwa, shukar ta yi yaushi da rana tsaka ko da ƙasa na da danshi. Wannan ƙudan a cikin ƙasa yake kwana hunturu, saboda haka in aka rufe fangalin da aka yi kabeji bara, an kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki tare da kaya. Shi ya sa ba a maimaita dangi ɗaya a wuri ɗaya sai bayan shekara uku ko huɗu. Kabewa da kokwamba su ma ana rufe su saboda wani ƙwaro mai zane rawaya da baƙi da ke ɗauko cutar yaushi, amma ranar da fure ya buɗe dole a yaye yadin, in ba haka ba ƙudan zuma ba zai shiga ba, ba kuma za a ga ɗa ba. Dankalin Turawa da hannu ake bin sa, ana juya ganye ana murƙushe ƙwai masu ruwan lemo da ƙwaronsa ke jerawa a ƙasan ganye. Barewa wayar lantarki ke tare ta. Mai aiki kuma kullum da yamma sai ya duba jikinsa saboda kaska, wadda ke ɗauke da cutar Lyme a wannan yanki.

Ciyawa tun tana kamar farin zare ake kashe ta, da siririyar fartanya mai dogon ƙota, a rana mai zafi don ta bushe nan take. Karas ne mai wuyar sha'ani, domin yakan yi mako biyu ko fiye kafin ya fito, ciyawa kuma ta riga shi. Dabarar da na gani ta burge ni ƙwarai. A bakin fangalin karas ana shuka 'yan ƙwayoyin wani jan tushe da ke riga karas tsirowa da kwana ɗaya ko biyu. Ranar da aka ga ya leƙo, a ranar ake bin fangalin da wutar gas a ƙone duk ciyawar da ta fito, karas na nan ƙarƙashin ƙasa lafiya lau. Bayan kwana biyu sai ya fito a fili mai tsabta. In aka makara da kwana ɗaya, da karas ɗin za a ƙone.

Albasa kuma tsere take yi da rana. Irin da ake nomawa a nan yana fara yin kai ne idan tsawon yini ya kai awa 14 zuwa 16, kuma kowane ganye da ta yi kafin lokacin zobe ɗaya ne a cikin albasar. Wadda aka dasa ƙarshen Afrilu aka tsare ta daga ciyawa za ta yi girma. Wadda aka makara da ita, ko ciyawa ta shaƙe ta a Mayu, komai takin da aka zuba mata daga baya ƙarama za ta fito. Tsawon yinin nan, wanda ke wuce awa 15 a ƙarshen Yuni, shi ne kuma ajalin alayyahon Turawa, da ya ji yini ya yi tsawo sai ya miƙe ya yi kara zai yi fure, ganyen ya ƙanƙance. Saboda haka ana yanka shi ba jira.

Ranar rabo ƙarfe biyar da rabi na safe aka shiga gona. Ganye ake fara yanka tun raɓa ba ta bushe ba, saboda ganyen da ya sha rana yana ɗauke da zafi a jikinsa, kuma wannan zafin ne ke sa shi yaushi kafin ya kwana biyu a gidan mai shi. Latas da gajeriyar wuƙa ake yanke shi daidai ƙasa, a fiɗe ganyen waje biyu ko uku a bar su a fangali, a kifa shi a akwatin roba. Ba a barin akwati a rana ko na minti goma. Radish, wanda kwana 25 zuwa 30 kawai yake yi, ana tuge shi a ɗaure shida zuwa takwas da roba. Wanda ya wuce lokaci da mako ɗaya cikinsa ya zama kamar soso, wanda ya sha ruwa da yawa bayan ƙishi kuma ya tsage, duk waɗannan gefe ake ajiye su. Sai wani farin tushe mai zaƙi na Japan da ake ci ɗanye, sai kabejin Sin mai farin kara, sai albasa mai lawashi.

A rumfar wanki baho uku ne cike da ruwan rijiya mai sanyin da ke sa yatsu ciwo. Na farko na sauke ƙasa, na biyu na ɗauraya, na uku da ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka auna. Ana sauya ruwa da zarar ya fara duhu. Daga nan ƙananan ganye na shiga buhun raga, a jefa cikin wata tsohuwar na'urar wankin kaya da aka mayar ta juyawa kawai, ta tsane ruwan cikin minti ɗaya ko biyu. Ganyen da aka ɗaure a leda da ruwa a jikinsa yakan yi yauƙi cikin kwana uku, wanda aka tsane sosai yakan kai kwana goma. Sai ɗakin sanyi, digiri 1 zuwa 3. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya komai ya shige ciki.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a kwandon shi ne karan furen tafarnuwa. Tun Oktoban bara aka dasa tafarnuwar, ƙwaya ɗaya-ɗaya, zurfin santimita 5, tazarar santimita 15, aka rufe da tattaka ta kwana hunturu. A Yuni kowane tushe na fitar da kara ɗaya daga tsakiya, ya murɗe kamar zobe. In aka bar shi, ƙarfin shukar zai tafi ga fure, kan tafarnuwar ya rage girma. Sai a karye shi da hannu da zarar ya yi murɗa ɗaya, a ɗaure biyar-biyar a sa a kwando, ana soya shi kamar koren wake. Aiki ɗaya ya gyara girbin Yuli, ya kuma ƙara kaya a makon da kaya ke ƙaranci. A makon farko waɗanda suka riga fitowa kaɗan ne, sai aka ba kowa uku.

Ƙarfe biyu na rana mutane suka fara zuwa da jakunkunansu. Ba a ɗaure wa kowa kaya, an jera akwatuna a kan tebura, an rubuta da alli a allo: latas kai ɗaya, alayyahu rabin fam, wato wajen giram 225, radish ɗauri ɗaya, da sauransu, abu bakwai. Kowa ya auna da kansa. A bakin ƙofa akwai akwatin musaya, wanda ba ya son abu ya ajiye ya ɗauki wani. Abin da ya rage da yamma ana kai shi wurin raba abinci ga mabuƙata a garin.

Sababbin shiga a fuska ake gane su, suna kallon teburin suna neman tumatir. Mai gonar ba ta ɓoye musu komai. Ta gaya musu cewa mako uku na farko ganye ne, koren fis sai ƙarshen Yuni, kokwamba sai Yuli, tumatirin fili sai ƙarshen Yuli ko Agusta. Ta kuma gaya musu fangalin alayyahu ɗaya ya yi kara da wuri, shi ya sa rabin fam ne ba fam guda ba. A ganina wannan gaskiyar ita ce rabin sana'ar. Tsofaffin mambobi a yankin sun ga 2009, shekarar da cutar ruɓar ganye ta share tumatir a arewa maso gabashin Amurka, sun ga ambaliyar guguwar Irene a Agustan 2011, kuma da yawansu sun sake biya a shekarar da ta biyo baya, domin an faɗa musu abin da ya faru tun yana faruwa.

Washegari da safe na tattara kayana. Na leƙa ɗakin reno don sallama, na tarar da mai gonar da ma'aikaciya ɗaya a tsaye gaban tebur, suna jefa ƙwayar kabeji ɗaya-ɗaya cikin faranti mai rami 128. Na tambaya na yaushe ne. Ta ce na kwandon ƙarshen Satumba ne, za a dasa shi tsakiyar Yuli a fangalin da muka yanke latas jiya. Ta rubuta kwanan wata a ɗan katako ta soke a kusurwar farantin, ta jawo na gaba.